Ƙanin madam ya jefa motata giya 2 tana tsakar gudu, wai kwamfuta ba ta barin inji ya wuce jan layi. Gaskiya ne?

Dan_Aboabo:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin inji ku zo ku raba mu, don magana na neman ɓaci tsakanina da gidan surukaina a kan mota.

Motar Scion FR-S ce ta 2013, mai giyar hannu, giya shida. Daga Amurka na sayo ta, ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tema a nan Ghana da ɗan bugu a gaba aka gyara jiki aka yi fenti, amma inji wallahi ko tari bai taɓa yi min ba tunda na fara hawanta. Ranar Asabar ƙanin madam ya zo wai in ara masa zai je ɗaurin auren abokinsa a Konongo, yayarsa ta sa baki, to kun san yadda abin yake, na miƙa makulli. Da magariba ya dawo ya faka ta ya bar makullin wajen yayar ya wuce, ko gaisawa bai tsaya mun yi ba. Da safe ina ta da ita na ji duk jikinta na kakkarwa a silo, wato inji na aiki tana tsaye, ga wata ƙara kas-kas-kas daga gefen direba da ke ƙaruwa in na ɗan taɓa totur, ga fitilar inji ta kunnu, na ɗan zaga layinmu da ita na ji sam ba ta da ƙarfi.

Da farko cewa ya yi shi bai san komai ba. Abokinsa da suka tafi tare ne ya tsegunta min, wai a hanyar dawowa kafin su iso Ejisu ya zo wuce wata tirela suna gudun wajen kilomita 120 a awa a giya 5, ya so ya sauko 4 don ta ja, sai hannu ya zarce ya jefa ta 2 ya saki kuloci. Ya ce motar ta yi wani irin ihu, tayoyin baya suka yi ƙiii, bayanta ya ɗan karkace, sannan ya yi maza ya sake take kulocin.

Da na tsare shi ya amsa cewa e an yi kuskuren giya, amma wai ba shi ya jawo ba, wai irin motocin nan akwai kwamfuta da ke yanke wuta in allurar juyin inji ta kai jan layi, wai da idonsa ya sha ganin ana take su har ƙasa suna ta-ta-ta ba sa wucewa, don haka ciwon tun daga Amurka ta taho da shi. Madam kuma ta yi shiru, ba ta ce ƙarya yake ba ba ta ce gaskiya yake ba.

To ku faɗa min, maganarsa na da tushe? Kuma zan iya lallaɓa ta in kai ta Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, da kaina ko kuwa?

Masta_Suame:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai zare makullin nan ka sa a aljihu, kar ka sake ta da ita, ko zagayen layin kar ka ƙara. In za ta zo gyara a ɗauko ta a janwe. Kuɗin janwe ba komai ba ne a kan abin da za ka kashe in kan bawul ya ɓalle ya faɗa cikin silinda.

Yaron nan rabin gaskiya ya faɗa maka. E, akwai abin da ke yanke mai in juyi ya kai iyaka, shi ne ta-ta-ta ɗin da yake ji. Amma wannan yana aiki ne in ƙafarka ce ke neman wuce gona da iri, ka take totur inji na son ƙara gudu sai kwamfuta ta hana shi mai ya dawo. To in ka jefa ƙaramar giya mota na gudu ka saki kuloci ai ba mai ne ke juya injin ba kuma, taya ce ke juya shi. Ka san yadda ake yi in batir ya mutu, a sa giya 2 yara su tura a saki kuloci inji ya juya ba sitata? To shi ne dai, sai dai wannan karon ba yaran unguwa ne ke turawa ba, nauyin motar ne gaba ɗaya a gudun 120. Kwamfuta ta yanke mai ta yanke wuta ta yi duk abin da za ta yi, ba ta da hannun riƙe karanshaf, wato babbar sandar injin da fistin ke juya ta.

Abin da ke fara jin jiki bawul ne, 'yan ƙofofin da ke barin iska ta shiga silinda hayaƙi ya fita. Kam ne ke danna bawul ya buɗe, amma rufewa aikin sifirin ne, shi ke dawo da shi, kuma kowane sifirin akwai saurin da aka auna masa. In juyi ya wuce nan, bawul bai gama komawa mazauninsa ba fistin ya riga ya taso, kuma a irin injin nan inda bawul ke sauka in ya buɗe nan ne fistin ke zuwa in ya kai sama, lokaci ne kawai ke raba su. Suna haɗuwa bawul ya lanƙwashe. Ba sai da yawa ba, ko ido bai gani ba in dai bai zauna daram ba iska za ta riƙa zurarewa silindar ta daina aiki, shi ne kakkarwar da kake ji, da uku kake tafiya ba huɗu ba. Kas-kas ɗin kuma zuciyata ta fi ba ni roka. Injinka akwai 'yan ƙananan roka tsakanin kam da bawul, ba noti ke riƙe su ba matsi ne, da zarar bawul ya yi lilo sai ɗaya ya yi tsalle ya bar wurinsa.

Amma duk wannan na sama ne, ana gyarawa. Wanda ni na fi tsoro yana ƙasa kuma ba ya magana ranar farko. Konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, da kusoshin da ke ɗaure shi, da metal, wato 'yan ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu. Kusa kan miƙe kaɗan ba ta koma ba, metal kan ci wuya, mota ta ci gaba da tafiya lafiya lau har mai ita ya manta, wata rana kawai ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasa ko konrod ya fasa bulo ya leƙo waje. Mun sha gani a Magazin.

Duk wanda za ka kai wa kar ka bari ya fara da kwance inji. A fara sa mata kwamfuta a ga wace silinda ke ƙin wuta. A cire fulogi, ko da yake fulogin motar nan wahalar ciro gare shi don injin a kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu sun matse da jikin mota, sai an ɗan ɗaga shi. A zura 'yar kyamarar nan ta ramin fulogi a kalli saman fistin. Sannan a hura iska cikin kowace silinda bawul na rufe a kasa kunne, in ta salansa take fita bawul ɗin hayaƙi ne, in ta wajen shan iska ne to na shiga ne, in ta bakin zuba bakin mai ne ringi ne, in lagireto na kumfa gasket ne. Na ƙarshe a yanka filtar bakin mai a buɗe takardar cikinta a rana, in ka ga tana ƙyalli to metal ya fara ci.

Injiniya_Tek:

Masta ya gama magana, ni lissafi kawai zan ƙara don yayana ya samu abin nuna wa yaron a takarda.

Jan layin motarka yana wajen juyi 7,400 a minti. A giyar hannu ta FR-S giya 5 ɗaya bisa ɗaya ce, giya 4 kuma 1.213, giya 2 ita ce 2.188. Da tayar da ta zo da ita, gudun 120 a giya 5 inji na wajen juyi 4,200. Da ya samu 4 ɗin da yake nema da ya hau 5,000 da 'yan kai, babu abin da zai faru. Amma 2 ya samu, sai ka ninka 4,200 da 2.188, ka ga ya haura 9,100. Wato in har ya saki kulocin gaba ɗaya injin ya wuce iyakarsa da wajen juyi 1,700. Tunda tayoyin baya sun yi ƙara kuma ya yi maza ya take, mai yiwuwa bai kai can ba, amma fa ba sai ya kai ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna ganin daga 7,400 zuwa 9,100 ai ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, to mene ne a ciki. Ba haka ƙarfe ke ji ba. Fistin tsayawa yake cak a sama ya juyo, ya tsaya cak a ƙasa ya juyo, kuma ƙarfin da ke fizgar konrod a kowace juyowa ba tare da juyi yake hawa ba, in juyi ya ninka biyu shi ninkawa huɗu yake. A lissafin motarka fizgar ta ƙaru da wajen rabi a kan iyakar da aka tsara. A juyi 9,100 karanshaf na zagayawa sau 150 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, kowane bawul na buɗewa ya rufe wajen sau 76 a daƙiƙar nan. Saboda haka in ya ce maka ai ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba ya take kuloci, to ka ga abin da daƙiƙa ɗaya ta ƙunsa.

Wani abu kuma, ba inji kaɗai ba. Giya 2 ba ta shiga da daɗi a wannan gudun, sai an tursasa ta, don haka in an gama gyara ka kula ko ta fara gurzawa wajen shiga 2. A duba farantin kuloci ma. Mai otomatik ba ta da wannan matsalar don in ka nemi ta sauko giyar da za ta wuce iyaka ƙi take.

Nima_86:

Kai jama'a ku bi a hankali kar ku sa mutane su riƙa tsoron totur. Ni ma irinta nake ja a nan Akra, Toyota 86, inji ɗaya ne da na FR-S da Subaru BRZ, kuma in gaya muku gaskiya motar nan a ƙasa ba ta da wani abin kirki, dokinta 200 sai a juyi 7,000 take ba ka su. Wanda ya sayi irinta yana canja giya a 2,500 ai gara ya sayi Corolla ya huta. Kai ta kusa da jan layi in ta yi zafi ba laifi ba ne, don haka aka ƙera ta, in dai bakin mai na kirki ne kuma a cike, kana sha mata mai 95. Honda S2000 tun 1999 take kai wajen 9,000, Porsche GT3 ma 9,000, ba su fashe ba.

Kuma Dan_Aboabo kafin ka yanke wa surukinka hukunci akwai abin da ba wanda ya ambata. A ƙarshen 2018 kamfanin ya kira motocin nan na farko-farko, waɗanda aka ƙera 2012 zuwa 2013, a dawo da su a canja musu sifirin bawul don wasu na iya karyewa da kansu. Taka ta 2013 ce. Motocin da muke sayowa a gwanjon Amurka ba duka aka kai aka yi musu ba. Ɗauki lambar shasi ka shiga shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, ka zuba, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiran da ba a yi mata ba. In ba a yi ba to maganar yaron cewa ta zo da ciwonta ba za a yar ba.

Shi kuma a koya masa riƙon giya. Daga 5 zuwa 4 ba a damƙe ta a fizgo wajen cinya. Ka fitar da ita daga 5 ka sassauta hannu, da kanta za ta dawo tsakiya saitin 3 da 4, sai ka ja ta baya miƙe da 'yan yatsu. In ka ji tana turjewa to ba gidanta ba ne, kar ka tilasta, kuma kuloci a hankali ake sakinsa ido na kan allura, in ta yi sama da gudu ka mai da ƙafa.

Masta_Suame:

Yaron Nima ka kawo magana mai kyau, a duba lambar. Kuma raba gardamar ba wuya. In an buɗe murfin kam sifirin da ya karye ba ya ɓuya, za ka gan shi gida biyu, kuma ɓarnar a silinda ɗaya za ta tsaya. In kuwa sifirin duk lafiya amma kyamara ta nuna sawun bawul a kan fistin biyu ko uku, to juyi ne ya wuce, don sifirin ba sa haɗa baki su gaji rana ɗaya. Ni dai mota da ta yi ihu a giya 2 da yamma ta kwana da kakkarwa, ba sai na je Amurka neman dalili ba.

Injiniya_Tek:

Nima_86 ba wanda ya ce kar a kai ta 7,000. Kaiwa jan layi daban, tsallake shi daban. Motocin da ka lissafa ai an ƙera su ne don wannan juyin, da fistin mara nauyi da sifirin masu ƙarfi, kuma ita S2000 ɗin da kake yabo an san ta da tsagewar 'yan hulunan da ke riƙe sifirin bawul in aka yi mata irin wannan kuskuren giyar. A 2004 da Honda ta ƙara wa injinta na kasuwar Amurka tsawon tafiyar fistin, sai da ta sauko da jan layin wajen 8,000. Ka ga ba ado ba ne aka shafa ja a agogo, lissafi ne. Motocin tseren Formula 1 da suka kai wajen juyi 20,000 a 2006 sai da suka rabu da sifirin ƙarfe gaba ɗaya, iska mai matsi ke rufe musu bawul, Renault ta fara kawo wannan a 1986.

Porsche kuwa tunda ka ambace ta, kwamfutarta rubutawa take. Duk sanda inji ya wuce iyaka tana ajiye sau nawa fulogi ya ba da wuta a wannan juyin da kuma a awa ta nawa na aikin injin abin ya faru, a 911 samfurin 997 ma har mataki shida aka kasa shi. Masu sayen ta hannu da yawa kan nemi ganin wannan rahoton kafin su biya. Da a ce irinta ce taka da ba a kai ga abokin ya tsegunta maka ba.

Direban_Ejura:

Salamu alaikum. Ni ban taɓa hawa irin motocinku ba, masara da doya nake ɗaukowa daga Ejura, amma abin nan da kuke faɗa mu ma yana cin mu, har ya fi. Injin babbar mota ko 2,500 ba ya so, kuma mu ba ma sai ka yi kuskuren giya ba. Ka sauko gangaren Mampong da lodi a babbar giya, kana ta taka birki har ya yi zafi ya fara wari ya daina kamawa, sai tsoro ya sa yaro ya nemi ƙaramar giya mota ta riga ta ɗau gudu. Ko dai ta ƙi shiga ya zauna a firi, wannan kam sai addu'a, ko ta shiga lodin ya tura injin ya wuce iyaka ƙafarka ko kusa da totur ba ta. Shi ya sa masu gidanmu suka koya mana tun kana saman tudu kake zaɓar giya, wadda za ka hau da ita da ita za ka sauka, ka kunna birkin salansa.

Kuma dan Allah ku masu ƙananan motoci ku ji tausayinmu a hanyar Konongo ɗin nan. Yaro ya fito wuce ka wata na tahowa, ka rasa inda za ka kauce masa. Alhamdu lillahi da bawul ne ya lanƙwashe, motar da ke ja da baya in tayoyinta suka riƙe a wannan gudun juyawa take, kuma tirela na gefensa.

Hajiya_Asawase:

Ni ban san bawul ba ban san roka ba, amma na san doka ta ce 90 a babbar hanya, 100 ma sai a motowe ta Tema, to 120 ɗin na mene ne, amaryar ai ba tasa ba ce. Ƙanena shawarata kar ka yi ta ja da yaron nan kai da kai, kuma kar ka sa matarka a tsakiya ka ce sai ta zaɓa. Bari masu gyara su gama dubawa, ka ɗauki hotuna, ka samu babban gidansu cikin ladabi ka nuna masa. Su suka san yadda za su yi da ɗansu.

Masta tunda ga ka, ni ma ina da tawa. Ɗana kullum da asuba in ya ta da motar gida sai ya yi ta vum vum vum har maƙwabta su tashi, wai yana ɗumama ta ne. Ga kuma yaran nan ranar Sallah da za su tsaya a titi da motoci da babura a firi suna ta murɗawa har salansa na harbi, kai na ciwo. Wannan ɗin ba ya kashe inji? Don in yana kashewa yau zan karɓe makullina.

Masta_Suame:

Hajiya barka da war haka. Karɓe makullin kam ban ce ba, amma ki ce masa ya bari. Mota in ta kwana bakin mai duk ya tsiyaye ya koma ƙasa, kuma da sanyi kauri gare shi, sai famfo ya tura shi ya kai wajen metal da kam. Waɗannan daƙiƙun na farko su ne inji ya fi ci, shi kuma a nan yake ba ta wuta. Fistin ma bai buɗe ya cika silinda ba tukuna. Ya ta da ita ya bari silo ya ɗan sauko, ya ɗaura bel, ya tafi a hankali, a tafiya take ɗumama ba a tsaye ba. Masu motocin gudu kuma ku sani allurar ruwa kan riga bakin mai yin zafi, don kun ga ta kai tsakiya ba shi ne ku take ta har ƙasa nan take ba, ku ƙara mata lokaci.

Na 'yan Sallah kuwa a nan ne kwamfuta ke aikinta, shi ya sa ba ki ganin suna fashewa a gabanki. Amma mota na tsaye iska ba ta dukan lagireto sai fanka, zafi na taruwa, inji na ta dukan iyakarsa ba gaira ba dalili, in ma bakin mai ya yi ƙasa ko ya tsufa to metal ne ke biya. Bayan Sallah da 'yan makonni muke ganinsu, kuma ba wanda ke cewa ga abin da ya yi, kowa cewa yake haka kawai ta fara ƙara.

Dan_Aboabo:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Janwe ta ɗauke ta zuwa Magazin. Kwamfuta ta nuna P0302, wato silinda ta 2 ce ke ƙin wuta, kuma ita ce ta gaba a gefen direba inda nake jin ƙarar. Da aka zura kyamara na gani da idona a waya, saman fistin baƙi ƙirin da hayaƙi amma ga wasu 'yan sawu biyu farare masu lanƙwasa inda bawul ya sara, a ta 2 sun fito sosai, a ta 4 ma akwai, ta 1 kaɗan-kaɗan. Da aka hura iska a ta 2 na sa hannu a bakin salansa ina jin tana fita fuuu. An buɗe murfin gefen, roka ɗaya na kwance a gefe ya bar wurinsa, sifirin kuwa ko ɗaya bai karye ba. Na zuba lambar shasi yadda Nima_86 ya ce, babu wani kira da ya rage a kanta. Filta an yanka an shanya takardar, ba mu ga ƙyalli ba, alhamdu lillahi.

Na bi shawarar Hajiya na kai wa baffansu hotunan. Bai ce komai ba sai da ya gama kallo ya ce a kira masa yaron. An tsaya a kan gidansu za su ɗauki kuɗin kaya ni in ɗauki na aiki, ni ma ban ja ba don zumunci ya fi mota. Yanzu mai gyaran ya ce dole a sauke injin gaba ɗaya kafin a cire kawunan. Wani kuma na ba ni shawara wai in bar gyara in sa a nemo min injin hom yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Akra. Masta wanne ka gani?

Masta_Suame:

Gaskiya ya faɗa maka, injin kwance sai an sauke shi ake jin daɗin aikin kai. Ni gyara na zaɓa. Naka ka san tarihinsa, ka san abin da ya same shi da ranar da ya same shi, hom yus kuwa ba ka san hannun da ya fito ba, kuma injin nan ba irin na Corolla ba ne da za ka samu goma ka zaɓa.

Amma tunda zai sauka a yi aikin sau ɗaya. Kar a canja bawul ɗin ta 2 kaɗai a ce sauran sun yi kyau a ido, duk silindar da aka ga sawu a cire nata a gwada, kawunan biyu su je wajen masu injin gyaran kai a duba hanyar bawul ko ta tsage. Rokan da ya faɗi a canja shi a duba kam ɗin wurin ko ya ƙarzu. Filta mai tsabta labari ne mai daɗi amma ba ta faɗin halin kusoshin konrod, in aljihu zai iya a raba bulo a sa sababbi da sabon metal, in ba zai iya ba to bayan an haɗa ka yi ɗan tafiya kaɗan a juye bakin mai a sake yanka filta a gani. Bakin mai 0W-20 kamfani ya rubuta mata, kar a zuba maka na trotro, motocin haya.

Sai gam. Injin nan wurare da yawa ba gasket gare shi ba gam ake sa wa, kuma yaranmu hannunsu na da nauyi, gani suke in ya yi yawa ya fi kamawa. Rarar da ta matso ta ciki ɓallewa take ta faɗa cikin bakin mai ta je ta toshe rariyar da famfo ke tsotsa, ka gyara bawul ka zo ka rasa metal. Ka tsaya a kansu ranar haɗawa, siririn layi ya isa, kuma ka ce su nuna maka rariyar kafin su rufe ƙasan.